Rabo na Biyu a Rumfar Kawu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, Kawu dai ya riga mu tafiya. Ranar da aka kai shi makwancinsa, tabarmin da muka shimfiɗa a tsakar gida ba su ishi jama'a ba, sai da aka aro na maƙwabta. Wallahi ban san tsohon nan yana da mutane haka ba. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a ciki da falo na haya a Sabon Gari, bai taɓa riƙe ko da sarautar unguwa ba. Abin da ya fi ba dangi mamaki shi ne yawan mata. Wasu da hijabi, wasu da zani da ɗankwali irin na zuwa coci, daga Samaru, daga Basawa, daga lungunan kasuwa. Inna, wato mahaifiyata kuma ƙanwarsa, sai ta dinga taɓa ni tana raɗa mini, "Wannan kuma ta ina muka haɗa dangi?" Ni kuwa amsa ɗaya nake ba ta, "Inna, 'yar rabon Kawu ce."

A waje wajen maza, maƙwabcinsa na kasuwa, wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran inji, ya zauna a ƙasa yana kuka ba kunya. Shekara da shekaru rumfunansu na jingine da juna, kullum suna faɗa a kan tashar da za a kama a rediyo. An ce abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Baba ya tafi. Wa zai zage ni da safe yanzu?"

Ɗan majalisarmu ma ya aiko da buhunan shinkafa, hotonsa manne a jikin kowanne. Inna ta dube su, ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta ce, "Da yana raye, da sai ya tsare ɗan aiken nan ya tambaye shi wa ya gaya musu shinkafa muke bukata." Mun dafa ta dai, baƙi sun ci, mun kuma gode.

Cikin masu gaisuwar akwai mutum ɗaya da ganinsa ya sa gabana ya faɗi, shi ne wan marigayi mijina. Ya taso daga ƙauyensu can bayan Giwa. Akwai alkawari tsakaninsa da Kawu a kan 'ya'yana uku, alkawarin kuwa a kan ran Kawu aka ɗaura shi. Ba zan iya ba da labarin tsohon nan ba sai na haɗa da nawa.

Kawu tsohon ma'aikacin reluwe ne, makaniki. Da ya bar aiki sai ya kafa rumfa a gefen kasuwar Sabon Gari yana gyaran keken ɗinki da ƙananan injuna. Gajere ne, mai saurin fushi da saurin hucewa. In ka kawo masa gyara, kafin ya amsa gaisuwarka sai ya gaida injin tukuna. Zai kara kunne a jikinsa ya ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aika?" sannan ya ɗago ya harare ka. Duk abin da ya kwance, a tsohon farantin tangaran yake jera shi, kuma kaiconka in ka kai hannu. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ko zagina zai yi sai ya ce, "Uwata, ba ki da wayo ko kaɗan."

Sana'ar nan ta sa ya san abin da kowace mace a Sabon Gari da Samaru take yi da hannunta. Ya san wadda ta iya ɗinki amma kekenta na aro ne, ya san mai taliyar da injinta ya gaji, ya san mai kitson da ke aiki a gindin bishiya. Daga nan rabonsa ya samo asali.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda rabon tallafi yake. Zaɓe na matsowa sai ka ji ana rubuta sunaye. A tara mata a filin makaranta, a jera kaya a gaba, keken ɗinki, injin markaɗe, injin taliya, na'urar busar da gashi. A ba kowa lamba, abin da ya zo daidai lambarki shi ne naki. Ba wanda zai tambaye ki me kika iya. Sai ki ga tela ta rungumo injin markaɗe, tsohuwar da ba ta ganin kafar allura ta tashi da keke. A bakin ƙofa kuma dillalai na tsaye suna jira, kafin magariba rabin kayan sun koma kasuwar da aka sayo su.

Kawu ba ya hana kowa zuwa karɓa. "Ku je ku karɓa," yake cewa, "ai ɗan siyasar ba daga gonar ubansa ya noma ba. Amma in kun karɓa, ku biyo ta nan." Washegarin kowane rabo rumfarsa cika take yi da mata da kwalaye. Zai zauna a kan bencinsa, tabarau a karan hanci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: me kika iya? Daga nan sai ya shiga haɗa su. Ke ba wa waccan naki, ke kuma karɓi na wannan. Wani lokaci kaya sai sun zaga hannu uku kafin kowa ta dace da nata. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan aiki, ladansa ɗaya ne, a bar shi ya yi masifa son ransa. Mata suka sa wa abin suna rabon Kawu.

Ni ban taɓa zaton zan shiga layin ba. Mijina birkila ne, muna zaune a Samaru cikin rufin asiri, ya kwanta jinya ta 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Da na fita takaba, wansa ya zo ya zauna da ni. Ba mugu ba ne, gaskiya ya gani ya faɗa. Ya ce ba zai zuba ido 'ya'yan ƙaninsa su kwana da yunwa a birni ba alhali akwai hatsi a rumbu a ƙauye. Ya ba ni wa'adi zuwa kaka. In ban kama wata sana'a tsayayya ba, zai tafi da manyan biyu, ya bar mini ƙaramar. Abin da nake taɓawa a lokacin awara ce, ina soyawa a ƙofar gida ɗalibai na saye, ribar kuwa duk a wajen markaɗen waken take ƙarewa.

Ana cikin haka aka sa sunana a wani rabo. Tun hantsi muke tsaye a rana har la'asar, an yi jawabi ya fi a ƙirga, kowane mai magana yana cewa yau an kori talauci daga mazaɓar nan. Da aka zo kaina sai ga keken ɗinki. Ni da ko maɓalli in na ɗinka sai ya karkace! Mai hoto yana ta ce mini, "Hajiya, ɗan yi murmushi mana." Na yi masa murmushin, na fito da niyyar miƙa wa dillali, sai na tuna cewa in labari ya kai kunnen Kawu na shiga uku. Da safe na ɗora keken a adaidaita sai Sabon Gari.

"Uwata, me kika iya?" Haka ya tambaye ni, kamar yau ya fara ganina.

Na ce, "Kawu, ban iya komai ba."

"Ƙarya kike yi. Awarar da kike kawo mini, aljanu ke soya miki?"

A gefe kuwa ga wata mata zaune ta tasa injin markaɗe a gaba kamar an ba ta riƙon ɗan wani. Matar wani tsohon soja ce a Basawa, 'yar kudancin Kaduna, tela ce ta gaske, ita ke ɗinka wa matan cocinsu anko da keken aro. Kawu ya ce mu yi musaya. Sai wata 'yar rakiyarta ta ce ai inji ya fi keke daraja, ba za a cuci 'yar'uwarta ba. Kawu ya cire tabarau, abin da ke nuna hadari ya haɗu.

"To madalla. Ta ɗauki darajar ta kai gida ta ɗinka riga da ita."

Matar sojan ta fashe da dariya ta ce, "Baba, ba ni keken. Wannan abu ko tayar da shi ban iya ba, tsoronsa ma nake ji." Har yau ita ke ɗinka wa yarana kayan Sallah, ni kuma duk Kirsimeti markaɗenta kyauta ne. A zaman makoki tana kusa da Inna daga ranar farko har ta uku.

Wannan aiki nasa ya haɗa shi faɗa da surukinsa, mijin babbar 'yarsa, wanda shi ke rubuta sunaye a mazaɓa. Ina rumfar ranar da ya zo, ya durƙusa ya gaida Kawu, sannan ya fara kewaye-kewaye.

"Baba, maganar musayar nan ta kai sama. An ce ana ɓata wa Onarabul tsari. Kowane kaya da sunan mai shi, in aka zo dubawa aka tarar ba haka ba, ni za a kama."

Kawu bai ɗago daga abin da yake kwancewa ba. "Za a zo dubawa?"

"Haka aka ce, Baba."

"Alhamdu lillahi! Tun ina da baƙin gashi ake rabo a garin nan, ban taɓa ganin wanda ya dawo ya tambayi mace ko keken na ɗinki ba. In sun zo, don Allah ka fara kawo su nan. Ni zan sayi shayin."

Surukin ya tashi ransa a ɓace, ya yi wata biyu ba ya zuwa gaisuwa. Mu muka ɗauka gatse Kawu ya yi, ashe da gaske yake. Ya sa aka wanke masa farar rigarsa ya rataye a rumfa, ya tsara abin da zai gaya musu: a riƙa tambaya kafin a sayo kaya, a daina sayo injin da ƙarfensa bai fi gwangwani kauri ba, a haɗa mata da mai gyara. Duk baƙuwar motar da ta tsaya a bakin layi sai ya miƙa wuya. Ba wanda ya zo. Ranar da ya sauke rigar ya mayar gida, na ga tsufa a fuskarsa, na ji tausayinsa ya kama ni.

Kada a ce ina wanke shi, Kawu ma ya yi kuskure. Akwai wata maƙwabciyata da ya sha wahala kafin ya sama mata injin taliya, sai da ya lallashi mutum uku. Bayan sati biyu ya ga injin a shagon dillali, ya gane shi da wani ƙulli da ya yi masa da waya. Ya hau tsohon kekensa na hawa tun daga Sabon Gari har Samaru, ya tsaya a ƙofar gidanta ya zazzage mata masifa a gaban mutane. Ni na ja shi gefe na gaya masa ɗanta ne aka kwantar a asibiti, ana neman jini da magani. Ya juya ya tafi ba sallama, washegari sai ga shi da ledar lemo, ya tsuguna a gabanta, dattijo da furfurarsa, ya ce, "'Yar nan, ki yafe mini. Na ga inji, ban ga yaron ba."

A hanyar raka shi ya ce mini, "Uwata, ni da 'yan siyasar nan duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Su suna ganin da kwali ɗaya an gama, ni ina ganin da sifana an gama. Ciwo ɗaya ya shigo gida, duk ya share." Tun daga ranar ban ƙara jin ya zagi wadda ta sayar da kayanta ba, sai dai ya tambayi wa ke kwance.

Nawa injin kuwa, ba a jima ba ya nuna halinsa. Fenti ne kawai mai kyau. Yau bel ya tsinke, gobe fulogi ya jiƙe, jibi haƙoran sun cinye. Kowane lokaci Kawu zai taso ya zo, ya gaida injin, ya harare ni, ya gyara. A hankali matan layinmu suka saba, robobin wake da na tattasai da na gero suka fara yin layi a ƙofata, masu abincin ɗalibai ma suka gano ni.

Da kaka ta yi, wan mijina ya zo kamar yadda ya faɗa. Kamar da gayya, a ranar injin ya ƙi tashi. Na ja igiya har kafaɗata ta sage. Baƙona na zaune a kan tabarma yana kallo, yarana sun maƙale a bayan ƙofa don sun san abin da ya kawo shi. Na aika wa Kawu, ya iso yana haki, ya duba ya ce abin da ya lalace sai gobe za a samo shi. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare.

Sai ya wanke hannu ya je ya zauna kusa da baƙon. Na zaci zai yi ta yabona, ashe ba haka ba.

"Malam, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji shi. "Yarinyar nan ba ta fita daga talauci ba. Ni ma da na haifi kamarta ban fita ba. Injin nan kuma da kake gani, banza ne. Amma dubi robobin can. Akwai wani mai markaɗe a bayan layi, masu su sun sani, suka ce za su jira ta. Yaran suna cin sau uku, suna zuwa makaranta. Ka bar mata 'ya'yanta. Muddin ina numfashi, injin nan ba zai kwana biyu a mace ba."

Sai wan mijina ya ce, "To Baba, na bar su a hannunka. Muddin kana raye." Ya tafi shi kaɗai.

Shekara biyu Kawu yana cika alkawari. A ta uku sai ya sauya mini gaba ɗaya. Na kira shi gyara, ya zo ya ja kujera ya zauna, ya turo mini jakar kayan aikinsa da ƙafa.

"Kwance fulogin."

"Kawu, ni mace ina ni ina sifana?"

"Sifanar ta tambaye ki ko ke mace ce? Kwance!"

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Yana zaune yana nuni da sanda, ina tsugune cikin baƙin mai, masu markaɗe na tsaye suna kallo. In na ɗaura abu a karkace sai ya sa in kwance in sake, ko da layi ya kai titi. Ya sa na wanke kafireta sau uku a yini ɗaya. Rannan na jefar da sifanar na ce masa in ya gaji da ni ne ya faɗa, ba sai ya tozarta ni a gaban mutane ba. Ya ce, "Ɗauko ta, Uwata, ba ki gama ba." Na kai ƙararsa wurin Inna ina kuka, na ce tsufa ya sa wanta ya zama mugu. Na yi fushi na daina kai masa awara. Ban san cewa tun a lokacin likita ya gaya masa abin da ke cikin ƙirjinsa ba, ya kuma hana iyalinsa faɗa wa kowa. Ya rasu ban ba shi haƙuri ba, wannan abu yana ci mini rai har gobe.

In an tambaye ni yau ko tallafin 'yan siyasa na fitar da mutum daga talauci, ba na iya cewa i, ba na kuma iya cewa ban amfana ba. Ba don rabon nan ba da ban mallaki inji ba. Amma mun fi ɗari a filin nan, waɗanda kayansu ke aiki har yanzu kusan duk ta rumfar Kawu suka biyo, mu ɗin ma haya muke biya, ciwo ɗaya ya ishe mu komawa inda muka fito. Kyautar yini ɗaya ce. Abin da ya riƙe ni shi ne wanda ya yi ta dawowa.

Bayan addu'ar bakwai na koma Samaru na buɗe sana'a. Kwana biyu da komawata injin ya yi tari ya mutu, robobi jere a ƙofa. Na tsaya a kansa, na kai hannu ga waya zan kira, sannan na tuna. Na shiga ɗaki na ɗauko kayan aiki.

Ina tsugune na baje kafireta a faranti, hannuna baƙi ƙirin har gwiwa, sai na ji sallama. Wan mijina ne, ya biyo kafin ya koma ƙauye, ɗan acaɓa na sauke masa wani buhu. Na amsa. Ya ce in ci gaba da aikina, ya samu dakali ya zauna. Yarana suka fito suka gaishe shi, suka koma bayan ƙofa.

Na wanke, na hura, na mayar da komai mazauninsa, na ɗaure. Na ja igiya sau ɗaya, shiru. Na ja na biyu, shiru. Na ce bismillahi na ja na uku, injin ya kama da ƙarar da ta cika layin.

Ya miƙe ya matso kusa don in ji shi. "Wa ya koya miki?"

Na ce, "Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Allah ya jiƙan Baba. Ga waken suya nan na kawo miki, na bana ne. Ki ce wa yaran su yi karatu, ni zan kama hanya kada in rasa mota."

Na zuba waken mace ta farko a inji, na sunkuyar da kai na yi kukan da ban samu damar yi a gidan makoki ba, ƙarar injin ta rufa mini asiri. Kawu, na ɗauko sifanar, na kuma gama. Ka yafe wa Uwarka. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka tarar da hutun da ba ka taɓa ba kanka ba.